Jana'izar Buhun Harawa

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na sa dattawan unguwarmu suka yi sahu a bayan buhun harawa. Har yau in akuya ta tsaya tana kallona, sai in ji kamar an ba ta labari.

Abin daga karatu ya faro, kamar yawancin masifun da na jawo wa kaina. Ina jami'a a Damagaram, malaminmu na tarihi ya raba mana batutuwan da kowa zai gabatar a aji, ni kuma rabona ya faɗa kan ƙungiyoyin matasan Kirista a biranen ƙasar Sin, a farkon ƙarnin da ya wuce. Da farko na ɓata rai, don ban ga abin da ya haɗa 'yar Matameye da samarin Shinuwa, wato mutanen Sin, da suka daɗe a ƙarƙashin ƙasa ba. Amma da na nutsa cikin karatun sai abin ya shiga raina. Samari ne da 'yammata da suka ce addini ba a ɗakin ibada kaɗai zai zauna ba, dole a gan shi a kan titi. Suka buɗe makarantun yamma don leburori, suna koya wa mata masu aikin masaƙa karatu, suna shiga lungunan talakawa suna faɗakarwa kan tsafta. Abin da ya fi burge ni shi ne jerin gwanon da suke yi in annoba ta shigo gari. Sai su ƙera ƙaton ƙuda, su ɗauki akwatunan gawa babu kowa a ciki, su zaga birni, don jama'a su gani da ido cewa tsakanin ƙuda da kabari ba wata tafiya ba ce mai nisa.

Na rufe littafin idona cike da ƙwalla. (Ni dama ƙwalla ba ta yi mini wuya. Na taɓa yin kuka don an sare dogon yaron ƙofar gidanmu, har da waƙe na rubuta masa.) Na ce a raina, mu ma ai addininmu cike yake da maganar tsafta da haƙƙin maƙwabci, me ya hana mu fito da shi kan titi? A wannan lokacin na ga kaina sanye da farin hijabi, mata na kewaye da ni, garinmu ya zama fes, ƙuda na ƙaura zuwa Kance, garin maƙwabtanmu.

Da aka ba mu hutu na dawo gida da wannan wuta a zuciya. Bazara ce, mangwaro ya cika kasuwa, ƙuda kuma ya cika mangwaro. Yawancin magidanta suna cin rani a biranen Nijeriya, har da Babanmu da ke Kano, gari ya rage daga tsofaffi sai mata sai samarin fada masu dafa shayi. Na tara ƙawayena muka kafa ƙungiya, aka zaɓe ni shugaba (ni na kawo shawarar a yi zaɓe, ni kaɗai kuma na tsaya). Burina shi ne mu buɗe ajin yamma na matan unguwa, a koyi karatu a koyi tsafta. Wuri kawai muka rasa, kuma wuri ɗaya ne ya dace, wato babban zauren gidanmu, wanda tun rasuwar Kakanmu ba wanda ke zama a ciki. Zauren nan kuwa a hannun Hajiya yake, kakata mahaifiyar Baba, wadda ko kaza ba ta ratsa shi sai da izininta.

Na same ta a kwance, don a lokacin zazzaɓi ya daɗe yana jan ta, mutane sun kwana biyu ba su gan ta a ƙofar gida ba. Na durƙusa na zayyana mata tarihin matasan Sin tun daga tushe. Ta saurare ni ido a rufe, sannan ta tambaye ni ko Shinuwan da nake faɗa su ne masu yi mana kwano da tocila. Na ce jikokinsu ne. Ta ce to, in sun iya tsafta kamar yadda suka iya tocila, mako guda za ta yi ta mutu.

Daga ƙarshe dai ta ce: "Zaure zan ba ki, 'yar boko, amma da sharaɗi. Kar in ji sunan gidan nan a bakin mutane. Ranar da na ji, ki kwashe allonki."

Na rantse mata cewa in ma an ji sunan gidanmu, da alheri za a ji shi.

Mai hankali da ya shimfiɗa tabarma kawai ya kira mata. Ni kuwa na ce sai an fara da jerin gwano, yadda na karanta, kuma ranar kasuwa, don mutanen ƙauyukan kusa da mu, su Dungu da Yauri, ma su amfana da haskena. Na samu Yaya Sani, wana, wanda shi ne shugaban fadarsu, na ce ina son samari huɗu masu ƙarfi da ƙaton ƙuda. Ƙudan bai dame shi ba, har daɗi ya ji, suka yi kwanaki suna haɗa shi da kwali da waya da tsohon gidan sauro, ya fito da jajayen idanu na murfin roba, girmansa ya kai maraƙi. Sai da na zo kan akwatin gawa ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce mu nan ba a binne mutum a akwati. Na ce ai shi ya sa na yi nazari (kalmar nan ta nazari ta sha wahala a bakina), na gano cewa a fassara ta al'ada, makara ce za ta tsaya a madadin akwati. Ya ce shi dai jikinsa bai ba shi ba. Na ce masa duk wani babban sauyi a tarihi sai da jikin wani ya ƙi ba shi. Ya dube ni ya ce Allah ya kyauta, wanda na ɗauka a matsayin amincewa.

Suka haɗa makara da tukurwa. Na cika buhu da harawar akuyoyin Inna mahaifiyata, na naɗe shi da farin zane, na ɗaure kai da ƙafa, na rufe da sabuwar tabarma. Na ja da baya na duba, na ga ta yi kyau har tsigar jikina ta tashi. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin tashin tsigar ba.

Tsarin ya fito sarai a kaina. Ƙuda a gaba, sai 'yammata riƙe da kwalaye masu rubutun gargaɗi da Hausa da Faransanci, suna rera waƙar da na tsara, sannan makara a ƙarshe. Duk wanda ya ga ƙuda ya karanta kwali, in makara ta iso ya riga ya gane darasi. Abu ɗaya ne ban auna ba, shi ne ƙofar zaure. A tsakar gida aka ƙera ƙudan, kuma ba wanda ya tuna cewa wata rana zai so fita.

Da hantsi muka shirya. Wurin ya yi mana ƙunci, sai na ce wa samarin nan huɗu su fara fitar da makara su jira mu a ƙofar gida, don a samu sarari. Suka fita. Muka turo ƙuda, kansa ya shiga ƙofa, fukafukai suka ce ba su san zance ba. Muka tura, muka ja, ya cije. Ni da 'yammata da kwalaye da Yaya Sani da waƙata duk muna bayansa, a kulle cikin gida. Ina ta roƙo a bi shi a hankali kar a karya masa fiffike, don a lokacin babbar damuwata ke nan a duniya.

Abin da ya faru a waje daga baya aka ba ni labari. Samari huɗu tsaye a ƙofar gidan tsohuwar da kowa ya san tana jinya, makara a kafaɗa, farin zane na leƙowa ta ƙarƙashin tabarma. Wanda ya fara wucewa shi ne Alhaji Ado mai goro, abokin marigayi Kakanmu. Ya tsaya cak, ya yi salati, ya tuɓe hularsa ya mayar. Bai tambayi kowa komai ba, don a garinmu makara ba ta buƙatar kwali. Ɗaya daga cikin samarin ya buɗe baki ya ce Alhaji ba mutuwa aka yi ba. Alhaji Ado ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, haka zafin rashi yake, shi ma ranar da tasa uwar ta rasu bai yarda ba. Sannan ya sa kafaɗa ya karɓi gefe ɗaya, don neman lada.

To, wane saurayi ne zai yi kokawa da dattijo a kan makara? Kafin a ce kwabo masu shaguna sun rufe, 'yan kabu-kabu sun jingine babura, masu zuwa kasuwa sun sauke kaya. Kowa na son ya ɗan taɓa ɗauka. Makara ta bar hannun samarina ta kama hanyar masallacin unguwa, inda ake sallar gawa. An ce masu ɗauka sun yi ta mamakin rashin nauyinta. Wani ya ce ciwo ya cinye Hajiya, wani ya ce a'a, gawar mutanen kirki dama haka take, kamar auduga. An kuma ce akwai wata akuya da ta bi su tun daga ƙofar gida, ana kora tana dawowa. Ita kaɗai ce a cikin taron ta san gaskiya.

Mu kuma a ciki, muna fama da fiffike, sai muka ji kururuwa. Matan unguwa ne suka iso zaure da kuka, suka tarar da ƙaton ƙuda ya toshe hanya yana kallonsu da jajayen idanu. Ba su ko tambaya ba, suka riƙa sunkuyawa suna bi ta ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta rungume ni ta ce Allah ya ba mu haƙuri, uwa ce ga kowa. Na ce wa? Ta ƙara matse ni.

Daidai nan salular Inna ta yi ƙara. Baba ne daga Kano, yana tambayar me ya sa sai a bakin mutanen waje zai ji rasuwar mahaifiyarsa, ga shi har ya kama hanyar tasha. Inna ta shiga ɗaki ta miƙa wa Hajiya salular. Hajiya na zaune a bakin gado tana shan kunun tsamiya, don ranar ma jikin da sauƙi. Ta kara a kunne ta saurara, ta dubi matan da suka yi cirko-cirko a ƙofar ɗakinta baki buɗe, sannan ta ce:

"To, ai marigayiyar ce ke magana. Koma rumfarka."

Ta ajiye salula, ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tana so ta san inda aka kai ta.

Ban san lokacin da na bi ta ƙarƙashin ƙuda na fice ba. Na yi gudun da tun ina firamare ban yi irinsa ba, takalmi ɗaya a ƙafa, hijabi na kaɗawa (farin nan da na yi mafarki da shi, yanzu da jan fentin ƙuda a kafaɗa). Yaya Sani na bayana, amma ya tsaya ɗaukar hularsa, kuma har gobe ina zargin da gangan hular ta faɗi.

Na iso na tarar an ajiye makara a gaban masallaci, sahu ya miƙe, maza cike da fili har bakin titi. Malam Liman ya riga ya tsaya a gaba yana gyara rawani, yana tambayar ina mazan gidan, kuma wa ya yi wa mamaciya wanka da ba a sanar da shi ba. Samarina huɗu na hango su can a sahun baya, har sun yi alwala, kawunansu a ƙasa. Mace dai ba ta zuwa wurin nan. Don haka da na ratsa ta gefen sahu, duk ido ya dawo kaina, wasu na cewa a riƙe yarinyar, baƙin ciki ya taɓa ta.

Na durƙusa nesa kaɗan da Malam. A kan hanya na shirya jawabi. Zan fara da biranen Sin, in bi ta kan hidimar al'umma, in sauka a kan ƙuda. Amma da ya dube ni ya ce, "'Yata, lafiya?" sai duk karatun jami'a ya bi iska. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Malam, harawa ce."

Ya ce me? Na ce harawa ce, ta akuyoyin Inna. Sai ga akuyar nan ta samu sarari, ta zo a natse ta sa baki a ƙarƙashin tabarma, ta jawo ganye ta fara tauna. Ban taɓa ganin shaida mai ƙarfi irin wannan ba.

Malam Liman ya daɗe yana kallon akuya. Sannan ya tambaye ni ko Hajiya na da rai. Na ce tana shan kunu. Ya ce alhamdu lillahi, wannan shi ne labari mai daɗi. Ya sake tambaya, a hankali, wa ya koya mini wannan aiki. Da na yi shiru ai da ya fi, amma ina, sai na ce a littafi na karanta, matasan Kirista ne na ƙasar Sin suke yi don faɗakarwa. Na ji maganar tana tafiya cikin sahu daga baki zuwa baki, kafin ta kai baya ta zama wai Shinuwa ne suka aiko da gawa.

Malam ya ce: "Su can da suka ɗauki akwati, mutanen garinsu sun bi su da salla?"

Na ce littafin bai faɗa ba.

Ya ce: "To, mu nan muna bi."

Alhaji Ado, wanda ya fi kowa kuka, ya share ido ya ce shi dai ladan ɗauka ya riga ya shiga, ba mai cire masa. Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari. Malam ya ce tun da an taru an yi alwala, a yi wa Hajiya addu'ar ƙarin lafiya, a kuma roƙa wa 'yan makaranta hankali. Amin ɗin da aka amsa a kan ta biyun ta fi ƙarfi.

Na dawo gida ina jan ƙafa, na san zaure ya tafi. Sharaɗi ɗaya aka ba ni, kar a ji sunan gidanmu a bakin mutane, ni kuma na kai shi har Kano kafin azahar. Baba ya sake kira ya ce a rushe ƙungiya, a ƙona ƙuda, ni kuma in ya dawo za mu yi magana.

Sai dai labarin mutuwa ya fi labarin gyara sauri. Mutanen ƙauye da suka ci kasuwa sun riga sun koma da shi, don haka washegari aka fara sallama daga Dungu da Yauri da Kance, dangi da abokan arziki, wasu da hatsi wasu da kuka. Hajiya ta sa aka shimfiɗa mata darduma a tsakar gida, ta ɗaura sabon kallabi, ta zauna tana karɓar gaisuwar mutuwarta da kanta. Ni kuma ta ajiye ni a bakin zaure da buta da sabulu, kusa da ƙuda, wanda aka cire wa fiffike ɗaya aka jingine. Duk wanda ya shigo sai na zuba masa ruwa ya wanke hannu, sannan in yi masa bayani tun daga Sin har zuwa harawa. In na taƙaita, sai ta ɗago murya daga ciki ta ce ban faɗi wurin akuya ba.

Na lura zazzaɓin ma ya sake ta. Kullum da yamma sai ta zauna da Inna suna bitar wanda ya yi kuka da gaske, da wanda ya murza ido kawai, da wadda ta zo a makare har da jan baki. Akwai wata ƙawar Hajiya da suka yi shekaru ba sa magana, ita ce ta fi kowa birgima a ranar, yanzu kullum tana gidanmu.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, na je na durƙusa na ce zan kwashe allona kamar yadda aka yi sharaɗi. Tana tauna goro ta amsa.

"Kin karya sharaɗi, wannan babu musu. Amma kin nuna mini abin da ba a nuna wa mai rai. Na ga sahuna, kuma ya yi tsawo." Ta tofar da goro. "Ki riƙe zauren. Makara kuwa, in kika sake taɓa ta, ki tabbata ni ce a ciki."

Maganar Baba kuma ta ce in bar ta da shi, ita ta haife shi.

Aji ya buɗe, kuma ya cika tun ranar farko, ba don hasken da na kawo ba, sai don kowace mace na son ta ga yarinyar da ta kashe kakarta da harawa. Sun zo kallo, wasu suka zauna har suka iya rubuta sunayensu. Sunan da na raɗa wa ƙungiyarmu, mai daɗi, mai maganar alfijir da bege, ba wanda ya taɓa kiran sa. A Matameye makarantar marigayiya ake cewa, marigayiyar kuma kan leƙo ta ce an cika surutu.

Har yanzu ina ganin girman matasan nan na Sin, kuma har yanzu na yarda cewa addini ya kamata a gan shi a kan titi. Abin da na koya shi ne, a titinmu dama yana nan, ni ce ban duba ba. Mutanen da za su rufe shago ranar kasuwa su bi gawar da ba su tambayi ko ta wace ce ba, ba su jira na dawo daga jami'a ba. Yanzu in na karanta wata dabara mai kyau daga nesa, kafin ƙwalla ta zo, nakan fara auna ƙofar zaure, sannan in tambayi Hajiya. In ta yi shiru tana kallona, sai in leƙa in ga ko akuya na kusa.